Dankalin da Foppe Bai Gane Ba

Yayana Foppe bai taɓa mallakar gona ba, amma babu gonar iri a wannan yanki namu na bayan ganuwar teku da bai taka kunyoyinta ba. Mu nan arewacin Friesland dankalin iri muke nomawa, wanda ake kai wa wasu ƙasashe su shuka, kuma iri ba ya karɓuwa in da cuta a jikinsa. Shi ya sa tun ganye na tasowa manoma ke ɗaukar masu ido, su bi gona kunya-kunya da buhu a kafaɗa, duk tsiron da bai yi musu ba su tuge shi. Foppe ya shiga wannan aiki yana saurayi, ya bar shi da furfura. Ni ce ƙanwarsa, Baukje, ko da yake har na yi jikoki Auta yake ce mini. Da mijina ya rasu sai na dawo gidanmu na gado muka ci gaba da zama tare, ni ina girki ina faɗa, shi yana ci yana shiru.

Mutum ne da ke jin haushin rana. Duk gari na roƙon a samu haske a shanya wanki, shi kuwa in ya leƙa taga ya ga sama ta yi toka-toka sai ka ga fuskarsa ta washe. Ya ce in rana ta take, ganye ƙyalli yake yi, cuta ta ɓuya. A lumshi ne ake ganin wanda ya yi dabbare-dabbare, da wanda ya yamutse, da wanda ya tsuke. Tafiyarsa ma ta aikin ce. Hannu a baya, kai a sunkuye, a hankali, ko coci za shi haka yake tafiya, har na gaji da jiransa a bakin ƙofa.

Sau ɗaya ya taɓa neman aure. An gayyace shi shan kofi a gidan su yarinyar, ya sa rigarsa ta Lahadi ya tafi. Hanyar shiga gidan ta ratsa lambun uban, Foppe kuwa ya hangi abin da ya hanga. Suna ciki suna jira, suka leƙo suka gan shi durƙushe yana tuge wa mutumin dankali. Ya shiga da laka har gwiwa, gaisuwarsa ta farko ita ce lambun nan ya kamu. Ba a sake gayyatarsa ba. Har ya mutu bai ga laifinsa ba, abin da yake cewa kawai shi ne ai da gaske lambun ya kamu.

Abu biyu mai ido ke tugewa. Akwai mara lafiya, akwai kuma baƙo, wato tsiron wani dankali dabam da ya shigo cikin iri. Ka'idar Foppe a kansu ɗaya ce, kuma duk manomin da ya yi wa aiki ya haddace ta.

"In kana shakka, tuge. Kada ka ce gobe. Kuma kada ka bari ya zuba 'ya'ya, don in ya zuba ba ka iya kwashe su duka, shekara da shekaru za su yi ta fito maka."

In ya tuge, sai ya cusa hannu cikin ƙasa ya zaro uwar dankalin da aka shuka da duk wata saiwa, ya zuba a buhu. Buhun kuma ramin taki ake juye shi, inda ba abin da ke sake tsirowa.

Abin da Foppe ya mallaka a duniya bai wuce wani siririn fili a bayan gidanmu ba, tsakanin ganuwa da magudanar ruwan da ta raba mu da gonar maƙwabcinmu Auke. A nan yake noma jan Hiske. Hiske kakarmu ce, ita ta zo da dankalin daga gidan ubanta lokacin da aka kawo ta, kuma babu wanda ya san inda su suka samo shi. Jan bawo gare shi, idanunsa sun lotsa har mai feraye ta yi ta tsaki, cikinsa rawaya, in ya dahu sai ya fashe ya yi gari. Ba ya cikin rajistar kowa, ba a sayar da shi, ba ya ma yin yawa. Tsironsa gajere ne, ƙananan ganye masu ɗan haske, furensa shuɗi-shuɗi. Haka muka buɗi ido muka gan shi.

Kowace bazara Foppe kan ƙulla irin a 'yan jakunkunan takarda, ya hau keke ya bi gari gida-gida yana rabawa. Kowa kan shuka layi ɗaya a lambunsa. Tonon farko da man shanu da gishiri kawai ake cinsa, wanda ya zuba masa romo sai a ce bai san abinci ba. 'Ya'yan garin da suka koma birni, in sun zo hutu abin da suke fara tambaya ke nan. Mutumin da ba ya iya haɗa magana uku a taro, ta wannan hanya yake gaisawa da jama'a, kuma na san ranar rabon nan ta fi masa kowace rana a shekara.

Matsala ta faro ne daga gonar Auke. Auke ɗan tsohon ubangidan Foppe ne, a gabansa aka haife shi, Kawu yake ce masa. Foppe ya bi gonar da rani ya share ta tas, jami'in duba iri ya zo ya zaga ya ce babu laifi. Da kaka aka ɗebi dankali aka kai ɗakin gwaji kamar yadda aka saba, sakamako ya dawo cewa cutar ta yi yawa. Aka sauke darajar irin. Shekara ta zagayo aka sake, wannan karon ma aka ce bai cancanci iri ba sam, sai dai a ci. Wasu da aka ajiye a sito har zobe-zobe baƙi suka fito musu a bawo.

"Na'urarsu ce ke ƙarya," in ji Foppe. "Ni na taka gonar nan da ƙafata."

"Kawu, ba wanda ya ce ba ka taka ba," Auke ya ce. "Amma na'ura ba ta san sunana ba bare ta tsane ni."

A cikin haka wata mai bincike ta zo, Marrit, doguwar mace mai saurin magana, daga wani ɗakin gwaji can kudu. Aikinta rarrabe dangogin wannan cuta. Auke ya kawo ta gidanmu, na zuba mata kofi, ta zauna a kicin tana yi wa Foppe bayani da cokula a kan tebur. Ta ce sunan ƙwayar cutar ɗaya ne, amma gida-gida ce. Akwai tsohon gidan da ya sani, mai ɓata ganye kowa ya gani. Akwai wanda a kan wasu dankalin da ƙyar yake nuna alama. In darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ganye, ta kai guda biyu cikin tsiro ɗaya, sukan iya musayar sassan jiki su haifar da ruwa-biyu. Ita kuma tana iya karanta abin da ke cikin kowanne, ta faɗi wane ne ɗan'uwan wane.

Foppe ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "To, 'yata, kina nufin akwai cutar da ba a gani?"

"Akwai, Baba."

"Abin da ba a gani ai ba cuta ba ne, zato ne."

Ta yi dariya, ta ce tana so ta ɗebi ganye a gonaki da lambunan gari. Foppe da kansa ya ja ta zuwa bayan gida. Ina tsaye a ƙofa na ji shi yana cewa, "Ɗebi na nan ma, ki kai musu su ga yadda lafiyayyen dankali yake." Har yau in na tuna yadda ya faɗi maganar nan, da alfahari, zuciyata sai ta yi nauyi.

Da ta dawo bayan 'yan makonni ba ta yi saurin magana ba, kofin ma ba ta taɓa shi ba. Ta ce duk ganyen jan Hiske da ta ɗiba, babu ɗaya da ya kuɓuta. Ba ma cuta ɗaya ba, iri-iri ne a ciki, wasu ƙila sun girmi Foppe kansa. Ruwa-biyun da ke cikin gonar Auke kuwa, musamman gefen magudana, shi ne dai wanda ke cikin filinmu, shi ne kuma a lambunan gari. Ta ce ba za ta iya rantsuwa kan wanda ya fara ba wa wani ba. Amma yanzu dai, duk darɓar da ta sauka a jan Hiske ta tashi, da guzuri take tashi.

"Kowace safiya nake duba shi," Foppe ya ce. "Kowace safiya, tun kafin a haife ki."

"Na yarda, Baba. Duk wanda ya nuna ka cire shi. Wanda ba ya nunawa shi ya samu fili."

Ni ce na yi faɗan. Na ce ita wace ce da za ta shigo gidan mutane ta sha musu kofi ta kira dankalin kakarsu annoba. Na faɗi maganganu da yawa. Foppe kuwa hannuwansa kawai yake kallo.

Mutanen garinmu ba sa faɗa maka magana a fuska, kuma wani lokaci gara su faɗa. Babu wanda ya ce wa Foppe komai. Sai dai in ka wuce lambu ka ga layi ɗaya an tone shi an baje ƙasa, mai gidan kuma ya duƙufa gyaran keke don kada ku haɗa ido. Auke ya zo da hularsa a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa yana ta kame-kame, ruwa ya yi yawa bana, iska ta juya. Foppe ya tausaya masa.

"Je ka, Auke. Gobe zan cire."

"Kawu, in kawo tarakta?"

"Ka taɓa ganin na yi wa wani aiki da tarakta?"

Da hannu ya tuge filin nan, tsiro bayan tsiro, ya kai buhu bayan buhu ramin takin Auke. Na ce in taya shi, ya ce ban iya ba, zan bar saiwa. Kafin ya fara, Marrit ta roƙi ya ba ta 'yan ƙwayoyi. Ta ce akwai dabara: a yanki ɗan mitsitsin kan toho, wurin da sau da yawa cutar ba ta kai ba, a rene shi cikin kwalba, a yi ta gwadawa har a dace da mai tsabta. Ta ce abin na cin lokaci, kuma ba ta yi alkawari ba. Ya zaɓo mata mafi kyau, ya goge su da hannun rigarsa.

Daga wannan shekarar bai sake shiga gonar kowa ba. Manoma sun zo neman sa, ya ce su je su ɗauki na'ura. Bazara ta zo, keke na jingine. Yakan zauna a bakin taga, sama ta yi irin lumshin da yake so, ko motsi ba ya yi. Ya rame, wandonsa ya yi masa yawa. In na dafa dankalin shago sai ya ci rabi ya ture, in yi ta masifa, ya bar ni in gaji don kaina. Na ji haushin Marrit, na ji haushin Auke, na ji haushin darɓa, har Kaka Hiske da ke kabari sai da na ji haushinta. Shi kaɗai ne ban iya jin haushinsa ba, tausayi ya hana.

Sai da bazara ta uku ta kusa Marrit ta sake sallama, ɗauke da ɗan kwali. A ciki ƙananan dankali ne jajaye, girman ƙwan tantabara, ba su fi a ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa ba.

"Ga jan Hiske, Baba, babu komai a jikinsa. An gwada an sake gwadawa." Ta ce aikinta a ɗakin gwajin ya ƙare, za ta koma wata ƙasa, su kuma can ba sa ajiye abin da ba ya cikin rajista. "Wannan ke nan duka. Babu wani a ko'ina."

Ranar na ga yayana ya dawo. Auke ya kawo gidan sauro na gona, irin wanda ake rufe iri da shi don kada darɓa ta shiga, suka kafa shi tare a kan kunya ɗaya. Foppe ya shuka kowane da hannunsa. Ya koma cin abinci, har ya fito da keken ya sa masa mai, yana lissafin gidajen da za su fara samu in an yi shekara biyu ana ninkawa. Ya ce gidajen da suka fara tone nasu su ne za su zo ƙarshe, na ce ashe kai ma kana da riƙo.

Dankali ya tsiro, ya tashi da ƙarfi. Kara mai kauri, ganye faffaɗa, kore shar har yana baƙi-baƙi, cikin ɗan lokaci ya taɓo rufin ragar. Ni murna nake yi. Foppe kuwa tun ganye na huɗu ya daina magana. Yakan tsaya a gefen ragar, hannu a baya, ya daɗe. Wata safiya ya shigo ya zauna ya ce, "Sun haɗa kwalabe."

"Wane irin haɗa kwalabe kuma, Yaya?"

"Wannan ba jan Hiske ba ne. Baƙo ne. Dubi tsayinsa, dubi ganyen. Kaka ta taɓa noma abu haka?"

"Yo ai lafiya ya samu! Kai ma da ka koma cin abinci ba ka yi kumatu ba?"

"Auta, ke girki kika sani."

Na kira Marrit a waya. Ta ce haka ne, tsohon iri in aka raba shi da cuta yakan canza kama har mai shi ya yi mamaki, a jira fure da 'ya'ya za a gani. Na miƙa masa wayar, ya ƙi karɓa. Auke ma ya zo ya roƙe shi.

"Kawu, don Allah ka bari ya yi fure. Kwana nawa ya rage?"

"In ya yi fure ya zuba 'ya'ya. In ya zuba, ya zauna a ƙasar Kaka ke nan. Sannan in ɗauki baƙo in bi gari ina rabawa da sunanta? Sau ɗaya na raba wa mutane abin da ban sani ba, ya isa."

Mun ɗauka mun shawo kansa, don daga baya ya yi shiru. Na manta cewa shirun Foppe ba yarda ba ce.

Ranar da na je asibitin birnin Ljouwert a duba mini ƙafa, gari ya wayi da lumshi, babu rana babu ruwa. Na dawo da azahar na zagaya bayan gida. Ragar na naɗe tsaf a jikin bango. Kunyar an baje ta an share, ko ganye ɗaya babu. Na same shi a bakin famfo yana wanke hannu.

"Ina buhun?"

"Inda buhu ke zuwa."

Na zauna a kan akwatin dankali. Ban yi ihu ba, ni da ke ihu a kan cokali. Shi ne ma ya shiga lallashina.

"Kada ki damu, Auta, na san abin da nake yi. Ba yau na fara ganin irinsu ba. Tun ina saurayi, shekara-shekara ɗaya ko biyu sukan fito a cikin filin nan, dogaye haka, masu faɗin ganye, sun fi kowa kore. Ban taɓa barin ko ɗaya ya kwana ba."

Na daɗe ina kallonsa kafin maganar ta gama shiga kaina.

"Yaya, waɗancan da kake tugewa, uwar dankalin da ke gindinsu wane launi ce?"

Ruwa na ta zuba a hannunsa.

"Ja," ya ce.

"Na yau fa?"

"Ja. Na ɗauka wani jan ne."

Ya kashe famfon. Na ga fuskarsa ta sauya a hankali, na kuwa yi da-na-sanin tambayar tun kafin ya gama fahimta. Tsawon rayuwarsa, duk lokacin da jan Hiske ya yi sa'a wani tsiro ya kuɓuta daga cutar ya fito da lafiyarsa, Foppe ne ke zuwa da safe ya tuge shi. Mara lafiyan ya sani, shi ya rena, shi ya kira dankalin Kaka.

Ya wuce ni ya nufi kunyar, ya durƙusa ya fara tona da hannu. Na bi shi da ciwon ƙafata na durƙusa a ɗaya gefen. Auke ya hango mu daga ƙetaren magudana, ya tsallako da cebur mai yatsu, shi ma ya shiga tonon. Muka bi kunyar daga wannan kai zuwa wancan, muna marmasa laka da yatsu, ko za a dace da guntun kara, ko ɗan ƙullin da ya fara zama dankali. Har yamma ba mu samu komai ba.

Auke ya ce wani lokaci akan bar ɗan abu a ƙasa ba a sani ba, ya fito da bazara. Ya faɗa ne don ya sanyaya masa rai, Foppe kuwa ya riƙe maganar. Ya hana a taɓa filin, ya hana a shuka ko albasa. Da bazara ta zo, kowace safiya sai ya sa takalmansa na katako ya fita, ya tsaya a kan kunyar, kai a sunkuye, yana fatan a ce sau ɗaya a rayuwarsa ya yi sakaci a aiki. Ciyawa ta fito, ya cire ta ɗaya-ɗaya don kada ta rufe wani abu. Haka ya yi har rani ya wuce. Da sanyi ya shigo ya kwanta, bai kuma tashi ba.

Babu abin da ya tsiro a filin, bara ma na duba. Foppe ne ya tuge shi, kuma shi ba ya barin saiwa.